Ni da Barau

Barau, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki,
ɗaki guda muka kama a Tudun Jukun,
biro guda, in ya ƙafe mu nemi aro.
Kai ƙafarka ba ta san bin layi ba,
ni kuwa tun ina ƙarami aka hore ni:
mai sallama ba ya shiga da sauri.

Ka tuna daren da wuta ta ci layin teloli?
Kafin in gama ɗaure takalmi
ka haye acaɓa, ka tsallake Kubanni,
ka ture ɗan sanda da kafaɗa,
ka taka ƙafar ladan ba ka waiwaya ba,
ka cusa rakoda a bakin shugaban 'yan kasuwa
har ta ƙwanƙwasa masa haƙori.

Ƙarfe shida muryarka na cikin rediyo:
shago arba'in, wayar lantarki ce sanadi.
Edita ya kira ni yana huci,
"Tanimu, kana can kana jaje
wasu sun shanye romo sun bar maka ƙashi.
Jarida ba zaman makoki ba ce,
wanda ya riga, shi ke da labari."

Ni ina durƙushe cikin toka
ina taya Iya Tambai tono kan kekenta.
Ba ta ce ba, ban tambaya ba.
Na riƙe mata bakin buhu
ta zuba almakashin da wuta ta lanƙwasa.
Sai ran na uku, da na koma da ƙosai a leda,
ta ce, "Ɗan nan, ba waya ba ce.
Akwai mai ɓoye jarkokin fetur a bayan shagona,
sau huɗu muna kai kuka, ana ce mana haƙuri."

Na rubuta. Aka jefa shi shafi na tara
ƙarƙashin tallar maganin basir.
Duk da haka an karanta,
an zo an kwashe sauran jarkokin.
Ranar na yi taku kamar mai sabuwar riga,
ina cewa a raina, Barau, ka gani,
kunun da ya huce ba ya ƙona harshe,
kai ka sha da zafi, ni na ji gishiri.

Kada in cika baki, akwai ta wani asibiti.
Babba ya fito daga ofis,
tambayar alluran da suka ɓace tana kan harshena,
ya ce, "Bari in yi alwala in dawo."
Na kauce masa, har da rusunawa.
Na dumama benci har la'asar, har almuru,
ashe motarsa ta bi ta ƙofar baya.
Tsohon da ɗansa ya kawo min takardu
an mai da shi ƙauye ba a yi masa komai ba.
Da kai ne, da ka tsaya a gaban motar,
da ka riƙe murfin har sai ya amsa.
Abin da na kira ladabi a ranar nan
tsoro ne ya ari rigar haƙuri.

Yanzu ga mu, furfura ta kama mu tare,
kai da lambobin yabo da mutanen da ba sa gaishe ka,
ni da masu gaisuwa da tsohon babur.
Jiya a teburin mai shayin Ƙofar Doka
Hajo, sabuwar ɗaukar nan, ta tsare mu:
"Wa zan bi a cikinku?"
Ka ce, "Ture ƙofa."
Na ce, "Ƙwanƙwasa tukuna."
Muka kaure kamar shekara talatin ba ta wuce ba,
shayi na hucewa, ƙwai na sanyi a faranti.
Wayarta ta yi ƙara: mota ta kife a Ɗan Magaji.
Ta zabura irin zaburarka,
ta kai bakin titi, sai ta dawo,
ta biya mai shayi, ta ce mana sai anjima,
ta bar mu muna gardama, ta tafi da labari.